Yadda Sagir Ya Mayar da Kowa Alhaji Mamman

Sagir bai taɓa buɗe baki ya ce bai san abu ba. Mu da muka yi aiki da shi a layin buta, a kamfanin roba na Alhaji Mamman da ke Sharada, mu ne shaida. Ka tambaye shi maganin basir ya faɗa maka, ka tambaye shi abin da ke hana jirgin sama faɗowa ya tsuguna ya zana maka a ƙasa da tsinke. Ana haka sai ya je ya yi wani ɗan kwas na kwamfuta a Na'ibawa, a shagon wani mutum da rabin aikinsa buga katin biki ne. Tun daga ranar da ya karɓo takarda, ko mahaifiyarsa ce ta kira shi Sagir sai ya yi kamar bai ji ba, sai an ce Injiniya.

Kamfanin namu wuri uku yake. A Sharada ake yin kaya, a Challawa ake ajiye su a sito, ofis kuma yana Bompai. Kowane wuri da sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da nasa ɓangaren na shafin kamfani a intanet. Mutum uku ne suka haɗa su a lokuta daban-daban, kowa da yaren kwamfutar da ya iya: ta Sharada da PHP, ta Challawa da Java, ta Bompai da Node. Na farkon ya tafi Dubai, na biyun ya koma sayar da waya, na ukun ya daina ɗaukar kiran Alhaji. Suka tafi suka bar mana sabobi uku da ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Dila zai shiga shafin, ya sa sunansa da lambar sirri, ya zaɓi kaya a ɓangaren Sharada. Da ya danna zai duba ko akwai su a sito, sai ta Challawa ta tare shi da tambayar shi waye. Ya sake sa suna. Da ya matsa zai aika oda, ta Bompai ma ta ce ba ta san shi ba, kwandon da ya sha wuya ya cika kuma ya koma wayam.

Kowa ya yi haƙuri, ban da Hajiya Saudat, babbar dilarmu. Ita kaɗai takan kwashe abin da layinmu ya fitar a wata. Rannan ta biyo Alhaji har Sharada, ta same shi yana zagayen injuna, ta tsaya gabanmu duka da waya a hannu.

"Alhaji, tun kuna da inji ɗaya nake sayen bokitinku. Yau ni ce na'urarku za ta riƙa tambaya wace ce ni, sau uku a zama ɗaya? Ko surukata ba ta yi min haka ba."

"Ku yi haƙuri, Hajiya, ana kan gyara."

"Ba a kan komai. In taron diloli ya zo ba ta daina ba, akwai masu roba a Bompai da suka san fuskata."

Sai ga Sagir ya ajiye butar da ke hannunsa, ya goge gumi, ya matso. Mu duka muka sunkuyar da kai, don mun san abin da zai biyo baya.

"Ranka ya daɗe, wannan ai matsalar seshan ce. Wato kowace saba tana ba mutum 'yar shaida in ya shigo, to sauran biyun ba su yarda da shaidar 'yar uwarsu ba. Ni wannan a makon farko na kwas muka wuce shi."

Gaskiya a nan bai yi ƙarya ba, matsalar ke nan. Abin da ya cuce mu shi ne Sagir ya iya faɗin sunan ciwo daidai, sai ka ɗauka ya iya magani. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka gyara kafin taron diloli, na ba ka ofis a Bompai mai iya-kwandishan, da sunanka a ƙofa. Ka kasa, ka dawo nan ka ci gaba da cire buta daga inji."

A ranar gaba ɗaya unguwarsu, Panshekara, ta ji labari. A wurin mai shayi ya ce Alhaji ne ya roƙe shi. A majalisa ya ce har da rantsuwa. Kafin magariba labarin ya kai cewa daga Legas aka so ɗauko Bature, aka ga babu buƙata.

A Bompai aka ba shi kujera kusa da Rufaida, wadda ke karɓar odar diloli. Ita ce ta fara ba shi shawara, ta ce ta ji ana ajiye shaidar kowa a wuri guda, sabobin uku su riƙa leƙa can, sai dai aiki ne na wanda ya san yarukan uku, gara a nemo irinsa.

"Malama Rufaida," in ji Sagir, "ke kika yi kwas ko ni?"

"Kai ka yi."

"To ki bar injiniya da injinsa."

Dabararsa ta farko ita ce, tunda sabobin ba sa magana da juna, a samo musu ɗan aike. Ya ɗauki hayar Idi mai adaidaita, maƙwabcinsa. Kullum da safe sai ya kwafe shaidun da ke sabar Sharada a falash, wato ɗan abin ajiyar bayanai da ake sokawa a jikin kwamfuta, su tafi Challawa ya zuba, su ratsa gari zuwa Bompai ya zuba. Falash ɗin a cikin ledar burodi yake ƙulle shi, ya rungume a ƙirji.

"Wai Injiniya, me muke ɗauke da shi ne?" Idi ya tambaya suna cikin cunkoso.

"Diloli."

"Diloli nawa?"

"Duk na Arewa. Ka bi a hankali a ramin nan, Hajiya Saudat na ciki."

"To ta biya kuɗin kujerarta mana."

Shaidar nan kuwa ba ta daɗewa take mutuwa, kamar kunu ne, in ya jima ya huce. Kafin su fita daga cunkoson cikin gari duk sun mutu. Ranar da suka yi sa'a hanya ta buɗe suka iso da rai, sai ta Challawa ta ƙi karanta rubutun ta Sharada, don ba yarensu ɗaya ba. Sagir ya matsa mata, ya cusa mata fayil ɗin a inda ya ga dama, ita kuma ta yi zuciya ta ɗauke gaba ɗaya. Wuni guda Malam Uba mai kula da sito bai san abin da ke cikin sitonsa ba.

"Ta yi ƙwarewa ne," in ji Sagir. "Yana faruwa ko a Amurka."

Dabara ta biyu, ya ce a bar biyun, kowa ya koma kan ta Sharada, tunda ita ce babba a shekaru. Tsohuwar nan da ƙyar take ɗaukar nata, aka ɗora mata na mutum uku. Ta fara zafi tana kuka. Sagir ya ɗauke fankar da muke shan iska da ita a layi ya kafa mata, mu muka koma fifita da kwali. Sannan ita a kanta take riƙe mutane, ba ta rubutawa a ko'ina, don haka duk sanda aka ɗauke wuta, kafin janareto ya tashi ta manta kowa. Mu a Sharada kuwa ɗauke wuta ba labari ba ne. Alhaji Ado, wani dila daga Haɗeja, ya kira Rufaida ya ce tun hantsi yake sa lambar sirri, yanzu har ƙaramar 'yarsa ta haddace ta tana rerawa a tsakar gida.

Taro na matsowa, Alhaji ya daina amsa gaisuwar Sagir da baki, sai da gira. Sagir ya rame. A layi muka share masa wurin tsayuwarsa, muka aika masa cewa injin yana gaishe shi. Na san abin ya shige shi, don ranar ko shayi bai zo sha ba.

A ƙofar sito a Challawa dabara ta uku ta zo masa. Yana tsaye yana jiran Idi, ya ga maigadi na tare duk wanda ya zo da ƙafa yana tambayarsa wajen wa ya zo. Sai motar kamfani ta iso, mutane suka yi ta sauka suna shigewa, maigadi ko kallonsu bai yi ba.

"Baba, waɗannan ba ka tambayarsu?"

"Wanda ya sauko daga motar gida ai ɗan gida ne."

Sagir ya buga cinya. Ya koma Bompai yana huci ya ce wa Rufaida an gama. A daina wahalar shaida. Kowane mai shiga intanet akwai adireshin hanyar da ya biyo, kuma duk sabobin uku suna ganin wannan adireshi, ba ruwansa da yare. To da zarar mutum ya sa suna sau ɗaya, sai a rubuta cewa hanya kaza ta wane ce. Duk wanda ya sake ɓullowa ta wannan hanya, shi ne, a buɗe masa.

"In mutum biyu suka biyo hanya ɗaya fa?" in ji Rufaida.

"Kin taɓa ganin mutum biyu a cikin wando ɗaya?"

"Na ga mutum tara a adaidaita ɗaya."

"Wannan harkar sufuri ce. Mu kimiyya muke."

Ya gwada da wayarsa, shi kaɗai. Sharada ta ce barka da zuwa Sagir, Challawa ta ce barka da zuwa Sagir, Bompai ma haka, kwando cike bai zube ba. Ya yi sujada a kan tayil. Ya ce ba za a kunna wa jama'a ba sai ranar taro, a gaban kowa, don kada wani ya saci fasahar.

Ranar taro aka kafa rumfuna a harabar ofis, aka jera kujerunmu na roba, aka ɗora majigi. An ɗebo wasu daga cikinmu mu yi hidimar ruwa da abinci, shi ya sa na gani da idona. Sagir ya zo cikin kwat ɗin aro, hannun ya rufe masa yatsu. Da ya karɓi makirfo ya fara da tarihin kwamfuta, ya biyo ta kan nasa tarihin, wanda ya fi tsawo. Sannan ya ce yana da tsaraba.

"Yau ba wanda zai ƙona datarsa. Waifai na ofis kyauta ne, ga lambar can a allo. Kowa ya hau."

Bakano da kyauta, nan da nan kowa ya hau, har direbobi. Wato duk wanda ke harabar nan yanzu ta hanya ɗaya yake fita intanet, adireshi ɗaya. Sagir ya roƙi Alhaji, a matsayinsa na uban gida, ya fara sa albarka. Aka haɗa wayar Alhaji da majigi, ya sa sunansa da lambar sirri. Allo ya ce, Barka da zuwa, Alhaji Mamman. Ya shiga Challawa ba tambaya, ya shiga Bompai ba tambaya. Aka yi tafi. Har Hajiya Saudat ta gyaɗa kai.

"Yanzu kowa ya gwada," in ji Sagir, yana gyara kwala.

Aka shiga danne-danne. Alhaji Ado ne ya fara magana. "Ikon Allah. Ni ko suna ban sa ba ta buɗe."

"Saurin ke nan," in ji Sagir.

"Amma ta ce min Alhaji Mamman."

"Ni ma haka," wani ya ce daga baya.

Hajiya Saudat ta ɗaga wayarta ta nisanta da ido. "Da ina faɗa ba a san ni ba. Yau an san ni, an ce ni ce Alhaji Mamman, har da hoton gemu."

Sagir ya ce girmamawa ce, shafin yana gaishe da kowa da sunan mai gida, su dai su zaɓi kayansu. Suka kuwa zaɓa. Tunda duk mutum ɗaya ne a wurin sabobin, kwando ma ɗaya ne, kuma ga shi a majigi kowa na kallo. Bokiti ya shiga. Baho ya shiga. Kujeru suka shiga. Sai fo na yara ya fara shigowa da yawan da ya sa aka fara ƙunshe dariya.

"Wa ya zuba min fo a kwando?" in ji Hajiya Saudat. Ta goge.

"Wa ya cire min fo?" in ji Alhaji Ado. Ya mayar, ya ninka don kada a sake.

"Malam, kai ne kake min wasa da oda?"

"Hajiya, kwandona ne. Ku ne kuka cika min shi da baho."

"Ni na yi kama da mai sayen fo?"

"Ni kuma a Haɗeja yara ba sa kashi ne?"

Kowa ya ga ana taɓa masa kaya, sai ya yi maza ya danna aikawa kafin a sake cirewa. Wanda ya ga kwando ya koma wayam ya ɗauka sharewa aka yi, ya sake cikawa ya sake aikawa. Direban wani dila, da ya ga ba a tambayarsa komai, ya yi wa matarsa odar kwanukan roba. Alhaji yana zaune yana kallon sunansa na sayen kayansa.

"Sagir," ya ce a hankali.

"Ranka ya daɗe, duk wannan gwaji ne. Ba abin da ke fita daga harabar nan. Na rufe ta ciki."

Ba abin da ya rufe. Amma ya faɗa da ƙarfin gwiwar da har ni na yarda. Aka kashe majigi, aka yi azahar, aka zauna cin shinkafa da kaza, aka shiga jawabai. Sagir ya riƙa zagaya rumfa yana cewa ƙananan gyare-gyare ne suka rage, yana raba lambar wayarsa ga duk mai son a haɗa masa irin wannan a shagonsa.

A Challawa kuwa Malam Uba yana ganin oda na sauka ɗaya bayan ɗaya, duk da sunan Alhaji, duk a kai ofis. Dokar sito ita ce odar Alhaji ba a tambaya, lodi ake yi. Ya ɗan yi mamaki ya kira wayar Alhaji, wayar kuwa tana kan teburin majigi a kashe. Ya ce wataƙila rabon kyauta za a yi wa baƙi. Ya tara duk 'yan dako, ya tsayar da duk motar da ke da taya.

Ana shirin la'asar muka ji hon. Motar farko ta shigo harabar da baya, ta biyu ta biyo ta, ta uku ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe, sauran suka yi layi a titi. 'Yan dako ba su san komai ba sai saukewa. Kafin a ce a tsaya, an jibge baho a bayan motocin baƙi, an tara bokitai a ƙofar masallaci, wata igiya ta tsinke fo na yara ya gangaro kala-kala har ƙarƙashin teburin manyan baƙi. Ɗaya ya zo ya tsaya daidai ƙafar Alhaji.

Malam Uba ya fito daga gaban mota yana murmushi, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ga rabi. Sito ya kusa ƙarewa, amma na ce Sharada su ƙara wuta."

Alhaji ya ture fon da ke ƙafarsa. Ya waiga yana neman Sagir. Aka same shi a bayan janareto yana ƙoƙarin cire kwat, hannun ya maƙale.

"Injiniya, zo ka yi wa jama'a bayani."

Sagir ya zo. Ko a nan bakinsa bai mutu ba. "Ranka ya daɗe, a duba a gani. An ce sabobi uku ba sa jituwa. Yau Sharada ta karɓa, Bompai ta aika, Challawa ta loda, ba wadda ta yi wa wata musu. A kimiyyance an yi nasara."

"An yi," in ji Hajiya Saudat. "Sai ka zo ka fito min da motata daga cikin nasarar."

Har aka yi isha'i Sagir yana dakon baho da kwat a jikinsa, diloli na zaune a kan kujerun da suka yi oda suna ba shi umarni. Hajiya ba ta koma wurin masu robar Bompai ba. Ta ce wa Alhaji ta daɗe ba ta yi dariya irin ta ranar ba, amma ya nemo mai gyara na gaske, ya kuma bar mata fo goma na jikoki. Alhaji ya yi wa Sagir magana ɗaya tak, cewa Litinin injin buta na jiransa.

Sai dai ba a shiga layi sai da takalmin aiki, Sagir kuwa ashe tun ranar da ya koma Bompai ya kyautar da nasa ga Idi, a gaban majalisa, har da jawabin cewa ƙafarsa ta gama da irin wannan takalmi. Ranar Litinin da sassafe ina tsaye a bakin titi ina jiran abin hawa na gan shi ya doshi Idi, da silifas, yana waige-waige.

"Idi, takalmin nan da na ba ka ajiya."

"Ajiya? Kyauta dai, Injiniya. Mutane sun shaida."

"Rage murya. Aro za ka ba ni, kafin a kammala min ofis."

Idi ya tuɓe takalmin a tsakiyar titi, ya kaɗe, ya miƙa masa da hannu biyu. Sagir ya tsuguna ya ɗaura, ya shiga bayan adaidaita kusa da ni, bai kalle ni ba. Muna tafiya Idi ya leƙo ta madubi.

"Ina muka nufa, Injiniya? Bompai?"

Sagir ya kalli waje. Sannan ya ce, da muryar da ban taɓa jin ta yi ƙasa haka ba, "Sharada. Kuma Sagir ma ya isa."